Kuka Cikin Laka

Duk ƙasar Boɗinga, tun daga bakin kasuwa har inda gonakin albasa suka ƙare, ba a haifi namijin da ya kai ni ƙarfin zuciya ba. Ba yabon kai nake ba, shaida nake bayarwa. Ni ne na taɓa haɗuwa da kura a hanyar Kajiji, na gaishe ta ta ƙi amsawa, na bi ta har raminta don in ji dalili. Ni ne nakan yi ƙailula cikin maƙabarta, don nan kaɗai ne ba mai tashina ya ce in ara masa keke. Na fara da wannan ne saboda ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana kirana Sarkin Ruwa, kuna kuma ganin mai kiran yana cije leɓe kada dariya ta kuɓuce masa. Kowa ya ba ku nasa labarin. Wani ya ce kada na gani, wani ya ce rijiya na faɗa. To ga yadda aka yi daga bakin mai shi. Ke kuwa Ajuji ki fi kowa buɗe kunne, don a kanki aka yi komai kina cikin zanen goyo.

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Suna ta ɗaure kaya, gwamnatin Jihar Arewa kuma tana ɗauko ma'aikata daga ƙasashen gabas su cike gurbi. Haka aka kawo mana wani Ba'indiye likitan dabbobi. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa Likita Barkono, don ko koko zai sha sai ya barbaɗa. Ni ne mai ɗaukar masa akwatin allura, in yi masa tafinta a rugagen Fulani, in riƙe wutsiyar saniya, in ta ga dama ta wanke ni tas. Aiki ne mai kaki da keke, kuma duk unguwarmu ni kaɗai ke da su. Mutumin nan ba mata, ba ɗa, ba abokin hira a garin. Abin da yake da shi kifi ne guda cikin kwalba a kan teburinsa, wai 'yarsa ce ta miƙa masa a bakin jirgi, ta ce ya riƙa yi masa hira in kewa ta dame shi.

In na ce kifi kada ku tuno da tarwaɗa. Ni ɗan tudu ne, ɗan tela jikan tela. Kifi a wurina shi ne wannan baƙin abu lanƙwasasshe da ake ɓarewa cikin miya, ba kai ba ido. Na Likita kuwa bai wuce ɗan yatsa ba, ja wur kamar an tsoma shi a jinin rago, ga jela tana jan ƙasa kamar ya aro babbar rigar ubansa. Yakan taso saman ruwa ya haɗiyi iska kamar mai kurɓar fura. In aka kara masa madubi sai ya buɗe kumatu, ya baje rigar nan, ya nufi kansa da faɗa. Ranar da na ga haka na ce wannan ɗan'uwana ne, na raɗa masa Barde.

Da bazara ta kankama aka ba Likita hutu ya je ganin gida, tafiyar wata da watanni. Ya kira ni, ya ɗora hannu a kan kwalbar, ya yi mini magana da Hausarsa mai tafiya da ƙafa ɗaya.

"Mamman, wannan amana. Ruwa rabi, ba cika. Ruwa ya kwana, ba sabo. Abinci, tsutsa na sauro. Kuma ba aboki. Ka ji? Shi kaɗai. Ba aboki."

"Ranka shi daɗe," na ce, "ko uwatai ba ta riƙe shi yadda za ni riƙe shi. In ka komo ka iske ya yi ƙiba kwalba ba ta ɗaukatai, kada ka ga laihina."

A gida kuwa shekarar ba ta wasa ba ce. Kafin ke Ajuji, mahaifiyarku Kulu ta haifi biyu, namiji da mace, ba wanda ya kai ga rarrafe. Suna nan bayan ɗaki, gindin zogale, inda har yau ba a shanya. Mutane suka fara raɗe-raɗin wabi take yi, wato ɗa guda ne ke zuwa yana komawa. Da aka haife ki, Inna mahaifiyata ta ɗauke ki ta ajiye kan juji ta juya baya, sai maƙwabciya ta tsinto ki ta kawo, don masu ɗauka su ga kamar ba mu damu da ke ba. Asalin sunanki ke nan. Ni mai yawan dariya ne, amma a shekarar nan na koyi yinta a zaure in bar ta can kafin in shiga cikin gida.

Na kai Barde ɗakina, amma kwalbar ta tsaya mini a rai. Barde guda, a ce ɗakinsa ko juyi mai kyau ba a yi? A sito na ofis na tsinci wani akwatin gilashi na tsohon batirin inji, tsawonsa kamu guda, na wanke shi da toka har ya yi ƙyalli. Sai na ƙudurta in gina masa fadama tasa ta kansa, rabi gulbi rabi tudu, yadda in Likita ya dawo zai cire hula ya gaishe ni. Ranar kasuwa na hau keke na tafi Shagari gaida surukai, daga nan na zarce wani tabki da ke bayan gari. Ya ƙafe ƙaf, lakarsa ta tsattsage kamar diddigen manomi, sai ɗan ruwan da ya rage can tsakiya. Na tsinko kainuwa da 'yar saiwar bado, na tumɓuko ciyawar nan gemun kwaɗo, na ɗebi yashi. Sannan na sa fartanya na yanko busasshiyar laka guda mai girman tubali. Na zaɓe ta ne don akwai wata 'yar kafa a samanta daidai shigar yatsa, na ce shi ke nan, gidan Barde har da taga.

Ina turo keke sai na yi kiciɓis da Kaka Tumba, kakar mahaifiyarku, wadda asalinta cikin Sarkawa masunta ta fito. Ba ta kirana sai angona, kuma ba ta taɓa barina na wuce ba tsiya. Ta dubi lakar, ta dubi kafar nan, ta dube ni.

"Angona, gini za ka yi ko miya?"

"Soro ni ka gina miki, tsohuwa, tunda kin ƙi mutuwa."

Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Na ɗauka maganata ce ta ba ta dariya.

Ginin kam ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Na wanke yashi har ruwansa ya fita garau, na shimfiɗa. Na jera tsingaro da tsakuwa na yi 'yar katanga, na ɗora lakar a bayanta yadda ƙasanta kaɗai ke taɓa ruwa, kada ta narke ta dagula masa gida. Na dasa gemun kwaɗo a kai, bado a cikin yashi, kainuwa tana yawo a sama. Na zuba ruwan randa da ya kwana, rabi, ba cika. Na rufe da faifai na bar kafar iska. Da na saki Barde sai ya zagaya ko'ina yana jan riga kamar sabon hakimi yana duba ƙasarsa. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa ina tsaye ina bayani kamar ni na halicci ruwan.

Kulu ce ta fara ji. Tsakanin azahar da la'asar ne, lokacin da zafi ke kashe gari, ko kaza ba ta motsi. Na dawo daga ofis na iske ta tsaye ƙofar ɗakina, ke kina bayanta kina barci, fuskarta kamar an shafa toka.

"Malam, wa ka kuka ɗakinka?"

"Cikina na. Tun sahe ban ci komi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga yatsa, muka yi shiru. Sai na ji. Ba kukan kwaɗo ba ne, ba na kyanwa ba. Wani ɗan siririn "ehe" ne, sai tsit, sai kuma "ehe", irin na jaririn da ya gaji da kuka bai sami mai ɗauka ba. Na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin gado, na girgiza rigunan da ke rataye. Da na dafa akwatin gilashin sai kukan ya fito ta ƙarƙashin tafin hannuna, daga cikin lakar.

Na ce mata iska ce ke fita daga busasshiyar ƙasa. Amma daga ranar abubuwa suka sauya. Barde ya daina kula madubi. Yini yake a wuri ɗaya, fuskarsa ga katangar tsingaro, kumatu a buɗe, yana shirin faɗa da abin da ba na gani. Da safe sai in iske an ja kainuwa ƙasa, an gatsa saiwarta. A jikin gilashin, ta ciki, akwai sawun laka siriri, kamar an ja ɗan yatsa daga sama zuwa ƙasa. Tagar nan da na yi alfahari da ita ta ƙara faɗi, ta jiƙe, in ka zuba mata ido sai ka ga kamar tana buɗewa tana rufewa. Wata safiya na ga gefen rigar Barde a yage. Na daina kiran maƙwabta kallo.

Sai zazzaɓi ya kama ki. Aka karɓo rubutu, aka karɓo magani a asibitin sha-ka-tafi, jikinki dai kamar kaskon suya. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne, kullum kukanki na raguwa, na cikin laka na ƙara ƙarfi, kamar yana ɗibar muryarki kaɗan-kaɗan. Har aka kai inda in an ji "ehe" a tsakar gida, Kulu sai ta waiwaya bayanta ta duba, ta ga ba ke ba ce.

Inna ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya nesa da akwatin.

"Kai wanga, ina kaɗ ɗebo ƙasag ga? Hwaɗa min gaskiya. Bayan ɗaki kat tona?"

"Haba Inna! Shagari na ɗebo ta, can cikin tabki."

"Ko Makka kaɗ ɗebo ta, sun samu ƙohwa. Ka gina musu ɗaki, ka zuba musu ruwa, har da taga. Sun zaka biɗar ƙanwassu. Ba ka jin muryan na farin?"

"Inna, kihin ga amana na. In ya ɓace aikina ya tahi, kekena ya tahi, ban san da wane ido za ni duban mutumen ga ba."

"Amanar Ba'indiye ta hi wadda Allah Ya ba ka?"

Kulu, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta yi magana daga bakin ƙofa, a hankali, idonta a ƙasa.

"An ɗauki biyu daga hannuna ban ce maka komi ba, Malam. Wagga ba ni bada ta."

Inna ta yanke hukunci: in mayar da ƙasar inda na ɗauko ta kafin rana ta faɗi, da ruwan, da ciyawar, da jan kifin da ya kira su, duk abin da ya taɓa ta. Kada in waiwaya a hanya. In an kira ni kada in amsa. Ta tsaya a kaina har na ɗaure akwatin a bayan keke. Ni kuwa na yi dabarata ta maza: na soke tsohuwar kwalbar cikin aljihu, na ce in na isa tabki sai in tsame Barde in ɓoye shi a ofis, laka ta koma gidansu, amana ta tsira, 'ya ta tsira, kowa ya ce Mamman ya iya.

Hanyar Boɗinga zuwa Shagari na san ta kamar aljihuna, amma ran nan ba ita ba ce. Rana tsaka, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ba iska, ba tsuntsu, ba jaki, ba ɗan Adam ko guda. Ganyen itace ko motsi ba ya yi. Ba abin da nake ji sai ƙarar sarƙar keke. In na faɗa rami sai a ce "ehe" a bayana, daidai inda mace ke goya ɗa. Ruwan ya ɗau zafin rana, yana fantsamowa yana bin gadon bayana da ɗumi, kamar yadda goyo ke jiƙa uwarsa. Na karanta duk abin da na haddace. Da ya ƙare na sake daga farko. Da ya sake ƙarewa na shiga jero sunayen cututtukan shanu. Wajen wata tsamiya kukan ya ja tsawo, ya lanƙwasa, na rantse muku abin da kunnena ya ji shi ne "Baba". Ban amsa ba. Ba biyayya ga Inna ce ta hana ni ba, harshen ne ya manne.

Ruwan farko ya riga ya sauka a can, tabkin ya kama ruwa iya idon sawu, kalar kunun kanwa. Na sauke akwatin a baki. Girgizar hanya ta rushe katangar, lakar ta narke, ba abin da ake gani ciki sai duhu. Na fito da kwalba, na yi bisimilla, na tura hannu ina laluben Barde. Sai na taɓa wani abu mai sanyi, mai santsi, dogo, ba ƙaya ba ɓawo. Kafin in janye, wani siririn abu kamar yatsan jariri sabon haihuwa ya naɗe mini wuyan hannu. Sannan fuska ta taso daga cikin ruwan, toka-toka, da 'yan idanu kamar ƙwayar gero. Ta dube ni. Ta buɗe baki ta ja iska, ta ce, "Ehe."

Abin da ya biyo baya, masu ba da labari sun saɓa. Ni dai na san na ja da baya cikin natsuwa don in sake shiri. Na ji fashewar gilashi a kan dutse, na kuma ga wani ɗan ja kamar tartsatsin wuta ya sulale cikin tabki ya ɓace. Ganina na ƙarshe da Barde ke nan. Natsuwar tawa ba ta tsaya ba sai tsakar gidan surukaina, ba sallama, ba keke, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Mata suka watse. Na ce hadari ne ya koro ni, Allah kuma Ya rufa mini asiri ruwa ya ɓarke. Kaka Tumba ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi inda na bar keken, ta yafa buhu a ka, ta ɗauki kwando ta fita. Ta dawo da keke da hula da kwalba. Da magariba ta kira ni ɗakinta ta ajiye mini tuwon dawa da wata miyar kifi mai maiƙo, tsoka jibga-jibga. Tsoro yana sa yunwa. Na manta da kunyar gidan surukai, na share akushi har na nemi ƙari.

Washegari da na iso gida sai na iske ki kina shan nono kina harba ƙafa. Inna ta ce wajen la'asar gumi ya karyo miki, daidai lokacin da nake bakin tabki. Kulu kuma ta ja ni gefe ta ce a lokacin nan ta ji kukan sau ɗaya, ba daga ɗakina ba, daga bayan ɗaki, yana nisa yana nisa har ya ɓace. Akwati yana Shagari, to me ta ji? Na sha juya wannan a raina, har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Mahaifiyarku tana nan, ku tambaye ta, ba ta ƙara gishiri kamar wasu.

Da Likita ya dawo na ajiye masa kwalba ba kowa ciki, na kwashe labari na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana juya kwalbar a hannu.

"Mamman, na ce ba aboki," ya ce. Can kuma ya ce, "Yarinya tana tambaya. Me zan rubuta?"

Ya karɓi kaki, ya karɓi keke. Na koma kan keken da ba ya zuwa ko'ina, na ɗinki, inda kuka tashi kuka same ni. Ban yi da-na-sani ba, ga ki nan da 'ya'yanki. Amma har yau in na bi ta bakin tabkin nan da damina sai na rage tafiya, ko zan hango ɗan ja.

To, mutum ba ya rasa aiki ya kuma rasa labari. Na shiga ba da shi a bakin shago. Aljanin da farko kamu guda ne, kafin kaka ya kai gaba biyu, kafin wata bazara ya yi gemu, ya yi mini magana da Larabci, na kama shi da kokawa na maka shi cikin tabki. Ni na sa wa kaina Sarkin Ruwa, kuma a lokacin ba mai dariya. Sai da aka zo yaye, muka kai ki Shagari wurin kakanni. Tsakar gida cike da mata da samari, na miƙe tsaye ina nuna yadda na shaƙe shi. Kaka Tumba tana gefe tana kaɗi. Ta bari sai da na kai wurin gemun, sannan ta ajiye mazari.

"Angona, gemun ga yaushe yat tsiro mai? Ran da nat tsince shi cikin hwasasshen gilashi ba shi da ko gashi guda."

Kowa ya juya gare ta, ta ci gaba.

"Gaiwa ta, ɗan tela. In tabki ya ƙahe ta shige laka ta naɗe, ta bar 'yar kahwa tana shan iska, ta yi kwananta har damana. Kai kat tashe ta da ruwan randa, ba dole ta yi kuka ba? Mu da hwartanya mu ka haƙo ta. Ban tambaye ka ba, gini za ka yi ko miya?"

Na ce ko ma mene ne, ni dai na yi maganinsa, tunda ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ɗauki mazarinta ta murza a cinya, ko dubana ba ta yi ba.

"Wanga kam gaskiyakka. Kai kac cinye shi da tuwon dawa, har kam miƙo akushi kac ce a ƙaro maka wajen wutsiya."